KAN RAGO A GABAN AIBAR

Shafi na 34

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Kuanysh tun jiya, na gani, na kuma ji. Har da wadda ta ce in karya masa ƙafa kowa ya huta. Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Ku dai gyara zama, yau ran kowa a ɓace yake, har da nawa.

*

Aibar ne ya fara isa ɗakin canza kaya. Ya sa ƙafa ya daki ƙofar, ta bugi bango ta dawo, saura kaɗan ta fasa hancin wanda ke bayansa.

An sake cinye su. A gida, a Taraz, a gaban mutanensu, da ratar maki ɗaya tal. Boran ke nan fa, ƙungiyar ƙwallon kwandon da bara ta ɗaga kofin ƙasa ana kiɗa ana rawa a kan titi. Yau kakar wasa ta raba tsakiya, ga ta ta bakwai a teburi, alhali shida kaɗai ke shiga zagayen fitar da gwani.

Yadda aka ci su ɗin ne ke ci masa rai. Ana dab da tashi ƙwallo na hannunsa, ya yanke 'yan Kostanay biyu, ga kwando a gabansa ba mai tsaro. Sai ya ji muryar nan daga gefe:

"Kawo!"

Hannunsa ya miƙa kafin kansa ya yi shawara. Kuanysh ya harba daga nesa, ƙwallon ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba.

Haka Boran take tun fil azal, ƙwallon ƙarshe ta babba ce. Ba wanda ya rubuta, koci bai taɓa faɗa ba. Amma duk yaron da ya tashi a gidan da ba a sa hannu a akushi kafin babba, ba zai iya harbawa ba alhali babba na tsaye yana miƙo hannu. Babban Boran kuwa Kuanysh ne, kyaftin, mai shekara talatin da tara. Shi Aibar ashirin da ɗaya gare shi, kuma tun da ya buɗe baki Yaya yake ce masa.

Darnell, Ba'amurken da aka ɗauko bana, ya shigo yana jifa da tawul. Yaren garin bai gama zama a bakinsa ba, amma na faɗa kam ya haddace shi tsaf.

"Kai! Me ya sa ka ba shi? Kwando na gabanka! Makaho ne kai?"

"Rabu da ni, Darnell."

"Ba zan rabu da kai ba! A garinmu ko kakarka ce ta ce kawo, harbawa kake yi. In an tashi ka je ka ba ta haƙuri!"

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta, don Kuanysh ya shigo. A hankali yake tafiya kamar ba shi ya zubar da wasan ba. Ya zauna a kujerarsa ya fara kwance igiyar takalmi.

"Kowa ya yi wanka ya tafi gida," ya ce. "Wasa ɗaya ne, ya wuce."

"Wasa ɗaya?" in ji Aibar.

Kuanysh ya ɗago.

"Da wa kake?"

"Da kai nake, Yaya. Na Almaty fa? Na Atyrau fa? Na makon jiya fa? Kullum mu yi ta gudu har numfashi ya ƙare, mu kawo wasa bakin gaɓa, ka ce kawo, mu kawo, ka watsar!"

"Aibar, sauke muryarka."

"Ba zan sauke ba! Na gaji da saukewa!"

Koci Oleg ya matso yana murza hannu. Mutumin kirki ne, amma in ana neman wanda zai raba faɗa, gara a kira kujera.

"Yara, yara, ku bari mana. Gobe ma yi magana..."

Ko kallo bai ishe su ba. Aibar ya tako har gaban yayansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ɗaga hannunka."

"Me ka ce?"

"Hannun damanka. Ɗaga shi sama da kanka a gaban kowa. In ka ɗaga, wallahi in durƙusa a nan in ba ka haƙuri."

Kuanysh bai motsa ba.

"Ɗaga mana! Ko in faɗa musu wa ke saka maka rigar sanyi kullum da safe? Matarka! Ko in faɗa musu allurar da ake soka maka a kafaɗa kafin kowane wasa? Kafaɗar nan ta mutu tun farkon kaka, Yaya. Ka sani, na sani, likita ya sani. Mu kaɗai ake ta ci saboda kunyarka!"

Darnell ya saki baki. Sauran suka sunkuyar da kai, don a Boran ba a taɓa jin ƙarami ya tsiraita babba haka ba.

Kuanysh ya miƙe. Dogo ne na gaske, sai da Aibar ya ɗaga kai. Ya cakumi wuyan rigarsa ya jawo shi har hancinsu ya kusa haɗuwa.

"Ni kake tona wa asiri? Ni? Wa ya fara ɗora maka ƙwallo a hannu, ɗan banza? Wa ya kawo ka ƙungiyar nan?"

Aibar ya kalli hannun da ke wuyansa, ya yi wata dariya mai ciwo.

"Kun gani ko? Da hagu ya shaƙe ni."

Ni kaina da nake rubutawa sai da na ce wa yaron nan kai, ka yi yawa. Kuanysh ya sake shi kamar ya taɓa wuta.

Ana haka direban Serikbay, mai ƙungiyar, ya leƙo, dusar ƙanƙara a kan hularsa.

"Maigida ya ce gobe da azahar kowa da kowa a gidansa. Ya yanka rago." Ya dubi 'yan'uwan biyu. "Ya ce har da Apa. Ni zan je in ɗauko ta."

Apa ita ce Zauresh, tsohuwarsu. Serikbay bai taɓa kiran ta taron ƙungiya ba, kuma bai taɓa yanka rago don an ci su ba.

*

Washegari falon Serikbay ya cika. An shimfiɗa dogon teburi, an jera soyayyen fanke da busasshen inabi da yankakken naman doki. Mata na zuba shayi da madara. Apa na can gefe kusa da butar shayi, farin ɗankwali a kanta, hannuwanta a kan cinya.

Kuanysh ya nufi wurinsa na kullum, can ƙurya nesa da ƙofa, daman maigida.

"A'a," in ji Serikbay. "Yau Aibar ne a nan. Kai zauna can."

Ya nuna tsakiyar teburi, inda 'yan benci ke zama. Kuanysh ya tsaya jim, sannan ya je ya zauna. Aibar ya wuce ta bayansa bai kalle shi ba. Tun jiya ba su yi magana ba.

Serikbay tsoho ne gajere mai ƙaton wuya, masana'antun bulo gare shi, kuma shi ya kafa Boran da hannunsa. Bai bari an gama kofin farko ba ya doki teburi.

"Jiya da yamma wani abokina ya kira ni daga Kostanay. Kun san me ya ce? Wai ko ya aiko min da 'yan matan makarantarsu su taya mu sauran kakar? Ni! Ni ake yi wa wannan ba'a da furfurata!"

Ba wanda ya ɗaga kai.

"Oleg, kai ne koci ko mai riƙe musu ruwa?"

"Ranka ya daɗe, muna ƙoƙari..."

"Rufe min baki! Ƙoƙari! Asabar 'yan Aktau za su zo. Su ne na shida, mu na bakwai. In suka ci mu, mun yi sallama da zagayen fitar da gwani. In kuwa muka yi sallama da shi, na rantse da Allah na rufe Boran. Filin nan in mayar da shi rumbun bulo, aƙalla bulo ba ya kunyata ni!"

Tsohon nan ba ya rantsuwar banza, kowa ya sani.

"Na ji abin da ya faru jiya a ɗakin canza kaya," Serikbay ya ci gaba. "Duk na ji. Ashe rabin kaka da kyaftin mai hannu ɗaya nake wasa, kowa ya yi min shiru."

"Ranka ya daɗe," Kuanysh ya fara, "kafaɗar tana samun sauƙi. Ka ba ni..."

"Ban tambaye ka ba."

Aka shigo da manyan faranti na beshbarmak, nama a kan faffaɗar taliya, tururi na tashi. A bayansu uwargidan Serikbay ta shigo da ƙaramin faranti a hannu biyu, dafaffen kan ragon a kai.

Kowa ya san inda kai ke zuwa. Gaban wanda ya fi kowa girma ake ajiye shi, ya yanka ya raba wa jama'a. A taron Boran kuwa, tun bayan rasuwar tsoho Nurgali, maigidan Apa, a gaban Kuanysh ake ajiye shi. Har matar ta nufi tsakiyar teburi.

"Nan," in ji Serikbay.

Ya karɓi farantin da kansa, ya dire shi a gaban Aibar, ya ɗora wuƙa a gefe.

"Ga shi. In ka yanka, daga yau kai ne kyaftin, ƙwallon ƙarshe taka ce, yayanka ya koma benci ya yi jinya. In ka tura masa, to ku je Asabar a yadda kuke, ni kuma in fara neman masu kwashe kujeru."

"Serikbay."

Apa ce. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma kowa ya juya.

"Yaro ne. Ɗauke farantin nan daga gabansa."

"Yaya Zauresh, da girmanki. Na kira ki ne don a yi a gabanki, kada a ce na raba miki 'ya'ya a bayan idonki."

"Na ce ka ɗauke. Bai dace ba."

"Me ya hana? Abu ɗaya na sani yana hana namiji yanka kan rago, in ubansa na da rai. Nurgali kuwa Allah ya jiƙansa, da hannuna na zuba masa ƙasa. Yaron nan ba shi da uba a duniya. To mene ne?"

Apa ta juya. Ta kalli Kuanysh.

Aibar na kallon kan ragon. Tsakani da Allah bai so abin ya kai haka ba. So yake a ci wasa, a shiga zagaye, shi ke nan. Da a ce Kuanysh ya sunkuyar da kai, da a ce ya ce masa ƙanena yi haƙuri na gaza, da ya ɗauki farantin nan ya kai masa har gabansa, Serikbay ya yi abin da zai yi.

Amma Kuanysh bai iya wannan ba. Ya miƙo hannu daga inda yake zaune, fuska a murtuke.

"Turo shi nan."

Hannun Aibar har ya kama gefen farantin. Sai ya ga abin da yake shirin yi, wani baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki. Ya saki farantin ya ɗauki wuƙar.

"Aibar!" in ji Apa.

"Yi haƙuri, Apa. Na gama turawa."

"Yauwa!" Darnell ya faɗa da ƙarfi. Na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

"Kada ka kuskura," Kuanysh ya ce. "Aibar, ina gaya maka, kada ka sa wuƙar nan."

"In na sa fa? Ka shaƙe ni da hagu?"

Ya kama kunnen ragon ya yanke shi fit. Kunne na yara ne, mafi ƙanƙanta a wurin ake ba wa don ya riƙa jin maganar manya. Kowa ya zaci sabon yaron da aka ɗauko daga makaranta zai miƙa wa. Aibar ya miƙe, ya zagaya teburin da wuƙar a hannu, ya tsaya a kan yayansa, ya ajiye masa kunnen a faranti.

"Ci, Yaya. Ko Allah zai sa ka fara jin magana."

Wata mata ta yi salati. Oleg ya dafe kai. Serikbay kansa sai da ya ja baya a kujera, don bai zaci yaron zai kai nan ba.

Kuanysh ya kalli kunnen. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa hannu ya share duk abin da ke gabansa, kofuna da faranti suka tarwatse a ƙasa, shayi ya malale a kan darduma. Ya miƙe.

"Ajiye wuƙar nan."

"Ba zan ajiye ba."

"Na ce ka ajiye! Ba ka da ikon taɓa kan nan!"

"Maigida ne ya ba ni!"

"Maigida bai san komai ba! Ba ka da iko, don ubanka na da rai!"



Aibar ya yi dariya. "Allurar ta taɓa maka ƙwaƙwalwa ne? Kai ka ɗauki makarar Baba. Ina bayanka."

"Makarar ubana na ɗauka. Kai ta kakanka ka bi."

"Me?"

"Shekarata goma sha takwas aka haife ka. Uwarka ba ta yi arba'in ba ta rasu. Baba ya ɗauke ka ya cusa a cikin rigarsa, ya ce ɗan fari na kakanni ne, kamar yadda ake yi a kowane gida. Amma shi bai tsaya nan ba. Ya ce kai ne autansa, ya sa na rantse ba zan taɓa kiran ka ɗana ba. Na rantse! Ina kallo kana rarrafe ka wuce ni ka je wurinsa!"

"Ƙarya kake."

"Ka ɗauka don kofi nake bari ana soka min allura? Kofuna nawa ne a gidana? A gida ni yayanka ne, a titi ni yayanka ne. Filin nan ne kaɗai inda zan tsaya kusa da kai in ce yi kaza ka yi, ba mai ce min ina ruwanka!"

"Shi ya sa kake ƙwace min ƙwallo? Shi ya sa kake kashe mu?"

"Ina karɓa ne don in ta faɗi ni za a zaga! Ka san yadda garin nan ke cin naman wanda ya zubar da ta ƙarshe? Ni na saba! Kai yaushe aka haife ka?"

"Wa ya roƙe ka? Wa ya ce ka kare ni?" Muryar Aibar ta fashe. "Ƙarya kake, wallahi ƙarya kake! Saboda kyaftin? Saboda kada a zaunar da kai a benci, shi ne za ka tono Baba daga kabari ka ce ba shi ya haife ni ba? Kai wane irin mutum ne?"

"Aibar..."

"Kada ka ƙara kiran sunana!"

Serikbay ya miƙe yana dafa teburi, fuskarsa ta yi fari.

"Kuanysh, in wasa kake, wannan ba wurin wasa ba ne. Ka san abin da ka sa na aikata? A gidana, a kan teburina, na sa ɗa ya yanka kai a gaban..."



Aibar ya juya. Idonsa ya rufe da hawaye, da ƙyar yake ganin farin ɗankwalin. Ya taka fasassun kofuna ya isa gabanta ya durƙusa, wuƙar na hannunsa har yanzu, maiƙon rago na bin yatsunsa.

"Apa, kin ji abin da yake faɗa? Gaya masa. Gaya musu duka. Ke kika haife ni, ko ba haka ba?"

Ba ta ɗago ba.

"Apa, magana nake miki! Ki ce ƙarya yake, in tashi in fasa masa baki! Apa!"

Tsohuwar ta ɗago a hankali. Fuskarta sharkaf da hawaye. Ta sa hannu ta kama wuyan hannunsa.

"Ajiye wuƙar nan, jikana."